Turken Dubagari

Dubagari na cikin buga turken sai Inno ta saki ƙwaryar da ke hannunta, gero ya watse a tsakar gida. Ina tsaye kusa da maƙwabcina Hamma, mijinta, na ga bai ko waiwaya ba.

"Nan ne, Baba," in ji Muhammadu Lawal dubagari, yana karkaɗe hannu. "Ya yi nesa da rijiya, ga ƙasar ja ce mai ƙarfi, ba za ta zabge ba. In wata ya kama ban tarar da salga ba, sai dai mu haɗu gaban alƙali. Ba ni na kafa dokar ba, daga Kazaure ta zo."

Shekarar ce zawo ya kwashe yara a Kanya Babba, Turawa suka matsa wa hukumar En'e, En'e ta matsa mana. Kowane gida sai ya haƙa salga, kuma ba inda mai gida ya ga dama ba, sai inda dubagari ya kafa alama. Na Hamma guntun icen dashi ne ɗanye, dubagari ya sara daga shinge, ya kafa bayan ɗakin Inno.

Hamma ya ce, "To."

Da na shiga gida matata Mas'uda ta tare ni. "Malam, ka san abin da ke ƙarƙashin turken nan? Ɗansu na fari ne. Ya koma tun ba a yi suna ba, aka rufe shi nan bayan ɗaki, kamar yadda ake yi wa jarirai. Daga shi Allah bai sake ba su ba."

Na koma na sami Hamma a zaure yana wasa dagi a kan dutse.

"Hamma, bari in bi yaron nan in gaya masa. Yana da kunya, zai matsar da turken."

"Ka gaya masa me, Maikasuwa?"

"Abin da ke wajen."

"Wa ya ce maka akwai wani abu a wajen?"

Haka Fulanin nan suke, Allah ya sani ina son su amma suna ƙona mini rai. Ɗan fari ba a ambatonsa, yana raye ko ya mutu. Hamma ya gwammace a kai shi gaban alƙali da furfurarsa da a ji a bakin wani cewa yana ƙulafucin ɗa. Ya sa na rantse ba zan buɗe baki ba.

Dabarar da ya yi ita ce ya haƙa a kusurwar gabas. Nesa take da rijiya ita ma, ya ce in dubagari ya tarar an gama ai ba zai sa a cike ba.

"Hamma, wajen nan tsohon kududdufi ne aka cike. Rairayi ne zalla."

"Ni da na haƙa rijiya a Roni ina saurayi?"

"Roni marmara ce, ita ke riƙe kanta. Ta nan ba ta da amana."

Ya yi dariya, ya ce in koma kan teburin goro na. Kullum da hantsi sai in jiyo dagin ta bayan katanga, duf, duf, Inno na jan kwando tana zubarwa. Sautin ma ba na ƙasa mai ƙarfi ba ne, kamar ana dukan buhun dusa. Ranar da ramin ya shige kansa, na ji dukan ya tsaya, sai muryar Inno, wadda ban taɓa ji ta ɗaga ba.

Ramin ne ya rufta masa. Da hannu muka tono shi, ni da mutanen unguwa. Yana da rai, amma ƙirjinsa ya lotse. Ya yi kwanaki a kan gadon kara, numfashi na fita da ƙara, in ya yi tari sai rairayi da jini. Ranar ƙarshe ya yafito ni.

"Ba a taɓa wajen ba ko?"

"Wane waje, Hamma?" Da gangan na tambaya. So nake ko sau ɗaya in ji ya ce ɗana.

Ya kalli rufin ɗaki. "Wajen turken," in ji shi. Kafin la'asar ya cika.

Muhammadu Lawal ya zo gaisuwa ranar uku. Rantsuwata ta bi Hamma, don haka na gaya masa. Ya cire hularsa ya riƙe.

"Baba Maikasuwa, da an gaya mini ai ƙasar jan nan ta kai har gindin rumbu. Matsawa kaɗan ce."

Ya nemi izini ya shiga, ya durƙusa zai tuge turken. Inno ta fito bakin ɗaki da mayafin takaba.

"Bar shi, yaro," in ji ta. "Ba a taɓa sa wa wajen alama ba."

A gindin rumbu muka haƙa mata salgar, ƙasar ta tsaya cak. Ramin gabas muka cike, amma duk ruwan da aka yi sai ya ƙara lotsawa, kamar ba ya son a manta da shi. Har yau in hantsi ya yi gari ya yi tsit, nakan tsayar da abin da nake yi in kasa kunne wajen katanga. Mas'uda ta daina tambayata me nake saurare.

Da damina ta sauka, icen dashin ya yi toho. Na leƙa wata safiya na ga Inno na shara bayan ɗaki. Da ta iso wajen sai ta ajiye tsintsiya, ta durƙusa, ta share gindinsa da tafin hannunta.