Rabin Faranti a Ƙarƙashin Iyaka

Gligor, wanda ya sayi gonar da ke jikin tawa, ya matsar da dutsen iyaka ya cinye mini layi uku na inabi. Sannan ya zo da takarda mai hatimi wai nasa ne. Ni Floarea ban yi boko ba, amma ban makance ba. Lauyoyi biyu na je wa a gari, kowanne ya leƙa takardar ya ce in haƙura. Haƙurin me?

Sai na ji Tiberiu ɗan Marioara ya dawo ƙauye. Shekara tara yana babban ofishin lauyoyi a birnin Cluj, ya makara kwana ɗaya wajen shigar da takardun wata shari'a, aka sallame shi. Na same shi a bayan gidan uwarsa yana feraye dankali, gemu buzu-buzu. Ya ce shi da aikin lauya sun raba gari, sunansa ya ɓaci, Jamus zai tafi tuƙin babbar mota.

"Kai da takarda ta gagare ka kaiwa kan lokaci, kayan mutane za ka kai?" na ce. "Ajiye wuƙar nan, ɗan nan. Kujera suka karɓe, ko har da abin da ke cikin kanka?"

Ya yi murmushin dole, ya ce, "Inna, alƙali hujja yake so, ba faɗa ba."

Nan na gane ciwon lauyoyin nan su duka. Sun yi karatu har sun manta yadda ake kafa iyaka a wurinmu. Ina 'yar shekara goma ubana ya haƙa rami ya zuba gawayi, ya fasa farantin tangaran gida biyu, ya binne rabi, ya ɗora dutsen a kai. Ɗaya rabin yana cikin akwatina har yau. Gligor baƙo ne. Dutse ya ɗauke, bai san da na ƙasa ba.

Tiberiu ya ajiye wuƙar. Ya rubuta takarda yana roƙon kotu ta zo gonar ta gani da idonta, ni kuma na tsaya a kansa sai da ya kai takardar saura kwana goma wa'adi ya cika.

Alƙaliyar ta zo da takalman roba. Na nuna wurin da sandata, tsakiyar abin da Gligor ke kira nasa. Yana dariya aka fara haƙa. Da shebur ya fito da baƙin gawayi dariyar ta tsaya. Tiberiu ya durƙusa a laka da rigarsa mai tsada, ya haɗa rabin farantin da aka tono da nawa, har zanen furen ya hau kan juna.

An mayar mini da layukana uku. Tiberiu kuwa ya kama ɗakin aiki a saman gidan burodi, tsofaffi daga ƙauyuka huɗu na layi a matakalarsa da rigimar iyaka. Kafin ya karɓi takardar kowa sai ya tambaye shi me ubansa ya binne. Duk Litinin nakan hau in sa ya karanta mini ranakun wa'adin da ke kalandarsa, ɗaya bayan ɗaya.