Mai Ƙafa Huɗu a Yashin Rafi

Sau uku Lukuman makaniki yana kwance kafiretar babur ɗin nan, kuma duk sau ukun bai ga abin da ke damunsa ba.

Babur ne mai ƙafa huɗu, ja, gajere, wanda ake danna masa totur da babban yatsa. Wata ƙungiyar lafiya ce ta bar shi a Gwarzo da ta tattara kayanta. Shekara biyu yana ajiye kaji na kwana a kansa, har lokacin da aka fara maganar hana mata hawa acaɓa, 'yan acaɓa suka daina tsayawa in mace ta ɗaga hannu. Sista Hanna, mutuniyar Filato mai yi wa yara allurar rigakafi, ta roƙa aka ba ta shi. A kwana biyu ta koyi tuƙi a filin makaranta.

Ran Litinin ta sake kawo shi gareji. Bayan sun gaisa ta faɗi abin da ta saba faɗa. A kan kwalta lafiya lau yake tafiya. Amma da ta isa rafin da ke bayan Kutama, ta danna totur don ta haye yashin, sai ya yi shiru kamar mai tunani, ya yi tari, ya nutse. Sau biyu ke nan tana tono taya da hannu rana na dukan kular maganin, kafin ta fita ƙanƙarar ciki ta zama ruwa, allurar ƙyanda ta lalace. Shugabanta ya ce in aka yi na uku, zai cire Rugar Jalo daga jerin ƙauyukan bana. Yara sha tara ne a rugar, kuma ƙyanda ta riga ta shigo ƙauyen da ke maƙwabtaka da su.

"Laraba zan koma, Malam Lukuman," in ji ta. "In ya fi ƙarfinka ka faɗa min, in nemi jaki."

"Jakin ma ai ni zan gyara miki."

Ta tafi ba ta yi dariya ba.

Abin ya tsaya masa a rai, ba don sunansa kaɗai ba. Injin da ke lafiya a gabansa, ya kuma kwanta ciwo a wuri guda tak, bai taɓa haɗuwa da irinsa ba. Ya zargi man 'yan bumburutu, ya zazzage tankin a kwalba ya ɗaga wa rana, bai ga ruwa ba, bai ji warin kananzir ba. Ya wanke matatar iska. Ran Talata ya je Kabo ya sayo sabon fulogi wurin Alhaji Yelwa, tsohon ubangidansa, wanda ya saurare shi yana cin gyaɗa, sannan ya tambaye shi ko ya taɓa zuwa rafin. Ya ce a'a. Alhaji ya ce to me yake gyarawa?

Saboda haka ran Laraba da hantsi ya bi ta a kan nasa babur, ya bar tazara a tsakaninsu don kada a samu abin faɗa. Sun wuce gonakin da aka girbe dawa, ya kasa kunne duk hanyar. Sautin injin garau yake.

A bakin rafin ta tsaya ta waiwayo shi. Ya yi mata alama ta shiga. Ta danna totur. Injin ya ɗauka, ya yanke numfashi, ya yi atishawa ta baya, tayoyin suka zauna a yashi.

Lukuman ya ruga ya tsuguna a bayan salansa. Babu baƙin hayaƙi. Duk kwanakin nan yana tsammanin mai ne ke yi wa injin yawa ya shaƙe shi, amma injin da ya shaƙe hayaƙi yake yi. Ya kwance fulogin da ya ɗaura jiya. Bakinsa fari fat, kamar an goga masa alli.

"Sista, tayar. Ki ja cok rabi, ki danna."

Ta yi. Babur ɗin ya zabura har kular ta girgiza, ya ci taku biyar, sannan ya mutu.

Ashe yunwa yake ji, tunda ɗan ƙarin man da cok ya ba shi ne ya zaburar da shi. Mai ne ba ya isarsa a daidai lokacin da ya fi bukata. Lukuman ya cire rigarsa ta sama ya rufa wa kular, ya shimfiɗa hularsa a yashi don zuba ƙananan kusoshi, ya kwance kafiretar karo na huɗu. Ya zaro jet, ɗan ƙarfen nan mai huda da mai ke bi. Ya zare siririn silin wayar da ke cikin hudar, ya riƙe shi a leɓe kamar kullum, ya busa jet ɗin, ya kai hannu zai mayar da silin. Hannun ya tsaya a hanya.

Tun da fetur ya yi tsada, duk babur ɗin da ya shigo garejinsa sai ya soka masa silin wayar lantarki a jet, don hudar ta matse, shan mai ya ragu. 'Yan acaɓa har godiya suke zuwa yi. Ya yi wa wannan ma a ƙarshen damina, ba a tambaye shi ba, lokacin yashin rafin yana da danshi, a daskare yake. Daga nan bai ƙara ganin wayar a matsayin baƙuwa ba. Sau uku yana cire ta, ya goge ta tsaf, ya mayar.

Hanna tana tsaye a kansa da lema. "Mene ne wannan a hannunka?"

"Ciwon ke nan."

"Wa ya sa?"

Ya juya silin a rana. Ya ce shi ne, ya kuma faɗa mata dalili: ya ga man da ake ba ta ba ya kai mako.

"To, ka kyauta," in ji ta. "Wata huɗu ka sa shi azumi ba shan ruwa."

Ya gaya mata yanzu zai riƙa shan mai fiye da da. Ta ce wannan damuwar gobe ce, ya ɗaura. Ta buɗe kular kaɗan, ta sa yatsa, ta rufe da sauri. Ƙanƙarar ta fara zufa amma tana nan.

Ya ɗaura. Ta tayar, ta mayar da cok, ta danna totur har ƙarshe. Injin bai yi tunanin komai ba. Ya watsa wa Lukuman yashi a ƙirji, ya haye gangaren can ƙetare, da rigarsa har yanzu a kan kular.

Ya hau nasa babur don ya bi ta ya karɓo rigar. A tsakiyar rafin ya murɗa totur, injin ya yi shiru, ya yi tari, ya mutu. Shi ma akwai waya a ciki. Ya sauka ya fara turawa, yana kallon wasu mata da suka fito daga bukkokin rugar, kowace da yaro a kafaɗa.