Takarda Ba Rubutu

"Maƙwabciya, miƙo min wasiƙar nan in taɓa," in ji Mai Littattafai, yana laluben iska da hannu.

Na gama karanta masa ke nan, kuma duk abin da na karanta daga kaina na ƙago shi. Takardar fara ce fat, daga littafin awona na yago ta.

Ɗakunanmu na kallon juna. Ni tela ce, tufafi nake ɗinkawa. Shi kuwa tsofaffin littattafai yake ɗinkewa, ya yi musu sabon bango, har ciwon suga ya tafi da idanunsa. Shekara shida kullum da yamma nake rufe keken ɗinki, in zauna a kujerar bakin gadonsa, in karanta masa labaran soyayyar mutanen da. Ni na san lokacin maganinsa, ni na san yadda yake son shayinsa. Amma da jiki ya ƙi daɗi, wa ya tuna? Wata malamar makaranta da ta bar shi tun gashinsa na baƙi. Ya sa na rubuta mata da hannuna, wai yana son jin muryarta kafin ya cika. Ni da tawa muryar ta dushe a kansa.

Amsarta ta iso sati uku da suka wuce, har da lambar waya: in yana so, za ta taho. Na cusa ta ƙarƙashin keke. Kishi ne, ba zan ɓoye muku ba. Kullum sai ya tambaya, ran nan na gaji na ce ta rubuto, ta ce a bar tone-tone.

Ya karɓi takardar, ya shafa gaba, ya shafa baya.

"Shekara arba'in ina taɓa takarda," ya ce a hankali. "Biro yana barin sawu. Wannan ko ninki babu a jikinta."

Ya miƙo min takardar.

"A littattafan da kike karanta min, wa ke raba masoya?"

"Ɗan aike," na ce.

"To ɗan aike, ina ta gaskiyar?"

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Na je na ɗauko ta, man keke duk ya ɓata gefenta. Ina karantawa fuskarsa na washewa, irin fara'ar da ban taɓa samu ba a shekara shidan nan. Ya ce in kira ta, in kuma goge masa farar rigarsa.

Na kira. Muryarta mai daɗi ce, abin haushi. Ta ce tafiyar kwana biyu ce, me ya sa sai yanzu?

"Wasiƙar ce ta makara," na ce mata.

Washegari da hantsi numfashinsa ya canza. Yana kwance cikin farar rigar, kowace mota ta wuce sai ya juya kai wajen ƙofa. Na kama hannunsa.

"Kin iso?" ya ce.

Da na ce e, da ya tafi da murna. Har na buɗe baki, sai yatsunsa suka kai kan nawa, inda allura ta yi min kanta.

"Au, ke ce. Zauna mana, maƙwabciya."

Na zauna. Kafin rana ta take ya cika.

Malamar ta iso washegari, an riga an kai shi. 'Yar tsohuwa ce siririya da ƙaramar jaka, ba ma wata kyakkyawa ba. Ta shiga ɗakin, ta zauna a kujerata ba ta tambayi kowa ba. Ta ɗauki littafin da ke kan matashinsa, ya buɗe daidai inda na sa ƙyallen atamfa.

"Wa ke karanta masa?" ta ce, ba ta ɗago ba.

Ina tsaye a bakin ƙofa da kofin shayi, na haɗa shi yadda yake so.