Jan Awarwaron Auta

Tun da mantuwa ta kama Inna, 'ya'yanta suka riƙa zubewa daga kanta ɗaya bayan ɗaya. Babban yaya ne ya fara ɓacewa. In ya shigo gaishe ta, sai ta ja mayafi ta tambaya ko mai gyaran wuta ne ya zo. Auta kaɗai ta rage, ita ma ba don fuskarta ba.

Awarwaro ne a hannunta na dama, na jan ƙarfe, wanda Inna ta cire daga nata hannun ta zura mata tun Auta tana budurwa. Gumi da ruwan wanke-wanke da shekaru sun dafa shi har ya yi ja mai duhu kamar shayin da ya ji wuta. Kullum da safe Auta za ta shiga da ruwan ɗumi, Inna ta kamo wuyan hannunta, ta jujjuya awarwaron, fuskarta ta washe ta ce, "Auta ce. Kin ci abinci kuwa?" Auta mace ce mai furfura da jikoki, amma wannan tambayar ce take riƙe da ita.

Wata rana Auta tana ɗaga Inna, awarwaron ya maƙale a ƙarfen gado ya tsage. Ta naɗe shi a hankici ta nufi layin maƙera.

Shagon ɗan ƙarami ne, yana warin gas da toka. A cikin akwatin gilashi an jera kaya launi-launi: azurfa fara tas, zinare rawaya, wani zinaren mai ɗan ja-ja, tagulla can gefe kamar 'yar riƙo. Maƙerin dattijo ne mai fara'a, ya sha ganinta tana wucewa da ledar magani.

"Liƙewa kawai za a yi, Baba," in ji Auta.

"An gama, 'yata. Ki dawo gobe."

Ba ta ce masa kada ya taɓa launin ba. Wa zai yi tunanin faɗin haka? Shi kuwa bawan Allah, tausayi ya ɗebe shi. Ya liƙe, ya goge, ya tsoma awarwaron a ruwan zinare. Da ta dawo ya miƙo mata shi yana ƙyalli, ya koma rawaya, yana murmushi har kunne.

"Kyauta na yi miki, kada ki ce komai. Wa zai ce jan ƙarfe ne yanzu?"

Auta ta karɓa. Ta yi godiya, don ba ta san yadda ake yi wa alheri faɗa ba. A hanya ta riƙa lallashin kanta cewa ai girman bai canja ba, zanen ma yana nan.

Inna ta kamo hannun kamar kullum. Ta duba, ta sake dubawa, sannan ta saki a hankali.

"Baiwar Allah, kin yi ɓatan ɗaki. Masu zinare ba nan suke ba."

"Inna, ni ce fa. Auta."

"Auta ja ne nata," in ji Inna, ta juya fuska bango.

Ko mayafin kirki Auta ba ta tsaya ɗauka ba, ta koma shagon. Da maƙerin ya ji bayani, murmushin ya gudu, ya yi ta salati. Ya kankare ruwan zinaren tas. Abin da ya fito daga ƙasa wani ja ne fayau, sabo fil, kamar tafin hannun jariri. Ya gwada hayaƙi, ya gwada wani ruwa mai wari a kwalba, awarwaron ya yi dabbare-dabbare, nan baƙi nan kore. Dole ya sake gogewa.

"'Yata, ki yafe mini," ya ce, ya kasa haɗa ido da ita. "Wancan jan ba maƙeri ne ya yi shi ba, jikinku ne, ke da ita. Ki ci gaba da sawa, zai dawo."

"Yaushe?"

"Sai an ɗau shekaru."

Likita ya riga ya gaya musu abin da ya rage wa Inna, kuma babu shekaru a ciki.

Duk da haka Auta ba ta cire awarwaron ba. Tana wanke-wanke da shi, tana shafa masa mai, tana murza shi da yatsa ko a mota. Inna ta daina kamo hannunta. Tana bari a yi mata wanka, a ba ta abinci a baki, tana godiya da ladabi irin wanda ake yi wa baƙo, kuma wannan ladabin ya fi zagi yi wa Auta ciwo.

Wata safiya Auta tana taje mata kai, Inna ta ɗago ta dube ta da idanu cike da hawaye.

"Baiwar Allah, ke da kike da kirki, zan aike ki. In kin ga Autata a hanya, mai jan awarwaro, ki tambaye ta laifin me na yi mata da ta daina zuwa."

Auta ta riƙe matajin da kyau don kada ya faɗi.

"To, Inna," ta ce. "Zan gaya mata."