Lasifikar da Gam Ɗinta Bai Bushe Ba

"Ƙara matso da ita," in ji Baba mai gyaran lasifika.

Inna, matarsa, ta danna salular a kunnensa har fatar wurin ta lotsa. Daga bakin ƙofa Tela, maƙwabciyarsu, tana jiyo muryar Auta, 'yarsu, siririya kamar ta sauro: "Baba! Baba, kana jina?" Kowa a ɗakin yana ji, ban da wanda ake kira.

"Ba ta magana," ya ce. "Ko ta kashe ne?"

"Tana magana mana!" Inna ta ɗaga murya. "Motarsu ce ta lalace a hanya, suna jiran bakanike!"

Tela ba da niyyar zama ta shigo ba, shiru ne ya koro ta daga shagonta. Bango ɗaya ne tsakanin keken ɗinkinta da ɗakin aikin Baba, kuma shekara da shekaru ta bangon nan take shan gunjin lasifikun da yake gwadawa, har almakashinta ya riƙa tafiya da kansa a kan tebur. Ta yi mita, ta bubbuga bango da gindin tsintsiya, ta kai ƙara wurin Inna. Shi kuwa ko a jikinsa, don sana'ar ta riga ta cinye masa kunne. To yanzu ciwon ƙirji ya kwantar da shi, asibiti sun ce a koma da shi gida a yi ta addu'a, bango ya yi tsit, sai ga Tela ta kasa zaune ta kasa tsaye. Tun safe ta ɗinke hannun riga a baibai, ta farke, ta sake ɗinke shi a baibai.

Baba ya ture salular. Idonsa ya yi yawo a ɗakin, ya tsaya a kanta.

"Maƙwabciya, zo. Wannan salular, takardar lasifikarta ko farcena ba ta kai ba. Wace iska za ta tura wa kurma?"

Tela ta san karatun, don duk ranar da ta je yi masa faɗa da shi yake tare ta. Wai murya ba ta bin waya, wuta ce ke zuwa tana gaba tana baya. Ta shiga siririn zaren tagulla da aka naɗa a gindin takarda, maganaɗisu ya jawo zaren ya ture shi, takardar ta bi shi tana tura iska, iskar ta zo ta daki kunnen mutum. "Ke ma da kike min masifa iska kike turawa," haka yake ƙarasawa, ita kuma ta fita tana tsaki.

"Akwai babba a teburina," ya ce, yana jan numfashi tsakanin kalma da kalma. "Ɗauko. Da amfi, baƙin akwatin nan mai ƙara ƙarfin sauti."

"Wadda ka liƙa jiya?" in ji Inna. Ta juya ga Tela. "Rarrafe fa ya yi ya je ya liƙa ta, ina wanki ban sani ba. Malam, gam ɗin bai bushe ba."

Duk layin an san Baba da wannan. Ko mai biki ne ya zo yana kuka da hawaye, ba ya sakin lasifika sai gam ya sha kwana biyu. Ya rasa masu kawo aiki da yawa a kan haka, bai taɓa sassautawa ba.

"Na sani," ya ce. "Ɗauko."

Tela ta fita da sauri, ta yi tuntuɓe da bokiti a tsakar gida, ta tura ƙofar ɗakin aikin. Warin gam da na ƙonanniyar dalma ya tare ta. Lasifikar tana kan tebur, bakinta sama, faɗinta kamar murfin tukunya, an dafe gefen takardar da maƙalan shanya. Da ta ɗaga sai da ta yi nishi, ba ta taɓa sanin maganaɗisu yana da nauyi haka ba. Ta kai ta kan gado kusa da hannunsa, ta dawo ta kinkimo amfi wayoyi suna jan ƙasa.

Ya lalubi batir ƙarami a ƙarƙashin matashi, wai ashe har nan yake kwana da shi. Ya ce ta taɓa bakinsa biyu da wayoyin lasifikar. Ta taɓa. Ba abin da ya motsa.

"Ya kamata ta yi tsalle," ya ce. "Leƙa ƙasan takardar. Akwai gashi biyu."

Ta leƙa. Zare biyu ne na tagulla, sirara kamar gashi, ɗaya a manne, ɗaya yana lilo. Jiya ƙarfin Baba ya ƙare kafin ya kai gare shi. Ya miƙa hannu zai kama, ya kusa huda takardar.

"Baba, cire hannunka, za ka ɓata mana aiki," in ji Tela.

"Iye! Yau ni ake kora daga lasifika?"

Salula ta yi ƙara a hannun Inna. Auta ce, tana cewa cajinta ya kusa ƙarewa, don Allah a ba ta Baba. Inna sai "to, to, yanzu" take maimaitawa. Tela ta zare allura daga bakin ɗankwalinta, ta ɗago zaren da tsininta, ta lashi yatsa kamar yadda take yi in za ta zura zare, ta zura shi a hujin ɗan ƙarfen da ake jona waya, ta murɗa, ta sake murɗawa. Tsoro ya cika ta, don ta san in ya tsinke ba wani.

Ta sake taɓa batir. Takardar ta yi tak, ta zabura sama.

"Yauwa," in ji Baba, ya lumshe ido. "Tana da rai."

Suka jona salula a amfi, Tela ta murza maɓalli a hankali yadda ya nuna mata. Sai ɗakin ya cika da Auta. Har kukan awaki da ƙarar ƙarfen bakanike a bakin titin da take tsaye suka shigo tare da ita.

"Baba?"

Kofin da ke kan taga ya yi rawa. Baba ya ɗora tafin hannunsa a gefen takardar, a hankali, yadda ya saba yi in yana gwaji.

"Ga ki nan," ya ce. "Ina jinki, Auta. Har a hannuna."

Auta ta fashe da kuka, takardar ta kama ɓari. Wani lungu na gam ya fara ɗagowa yana zizza, Tela ta sa babban yatsa ta danne shi.

"Bar kuka, kina ɓalle min gam," ya ce. "Ba ni labari kawai. Kowane iri."

Ta ba shi. Direban da ya rantse motarsa ba ta taɓa lalacewa ba, matar da ke kusa da ita mai kaji a kwali, takalmin da ta sayo masa wanda ba ta da tabbacin zai shige shi. Inna tana dariya tana share ido da gefen zani. Tela tana durƙushe, yatsanta ya sage a kan gam, ba ta yarda ta motsa ba. Wannan ƙarar da ta yi shekaru tana tsine wa, yau ji take kamar ta ƙara murza maɓallin.

Can sai muryar ta fara dusashewa, kamar an rufa wa Auta bargo. Tela ta dubi amfi, fitilarsa tana ci. Ta dubi salula, ba ta mutu ba. Sannan ta dubi hannun Baba. Ya yi nauyi, ya kwanta gaba ɗaya a kan takardar ya hana ta motsi.

Ta ɗago ido, suka haɗa da Inna. Inna ta toshe bakinta da hannu biyu, tana salati can ciki.

Tela ta ɗaga hannun a hankali, ta ajiye masa a ƙirjin da ya daina motsi. Nan take muryar ta dawo tar.

"Baba, an tayar da motar! Ga mu nan tafe, kana jina?"

Wani guntun jan zare da ya faɗo daga rigar Tela yana kan baƙar takardar, yana tsalle da kowace kalma.