Waken Soya a Filin Gudu

Shekara tara ina koyar da darasin motsa jiki a sakandaren garinmu, can gefen Gozaki, kuma shekara tara ana kirana Malam Talha mai tsalle-tsalle. Na haƙura da sunan. Na haƙura da malamin lissafi da yake ƙwace mini lokacin darasi duk sanda jarrabawa ta matso. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne ranar da Alhaji Mudi, shugaban ƙungiyar iyaye da malamai, ya miƙe a taro ya ce a nome filin wasanmu a shuka waken soya.

"Jama'a, mi yaranmu za su yi da tsalle?" in ji shi. "Yaron da ya yini da hauya a gona, shi za a koya ma gumi? Ga ƙasa mai kyau tana zaune banza."

Na tashi raina a ɓace. Na ce noma na ba da ƙarfi, ban musa ba, amma gefe ɗaya yake bayarwa, kuma a duƙe yake barin mutum. Na ce su dubi bayan juna. Na ce a filin nan yaro yake koyon jiran layi, da shan kaye ba tare da ya ɗauki dutse ba. 'Yan mata kuwa ba su da inda za su yi gudu a garin nan sai nan. Na tuna masa cewa 'yarsa Bushra ce ta zo ta ɗaya a tseren mita ɗari huɗu a Malumfashi bara, kuma saura wata biyu a sake gasar.

"Sai ta yi gudun a hanyar gona," ya ce, aka yi dariya.

Aka ɗaga hannuwa. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, ni kuwa ba ni da ko ɗaya. Aka tsayar da cewa tarakta za ta shigo ranar Litinin da ƙarfe takwas.

Da la'asar na shiga masallaci ina ta cin magani, sai na sami kaina a sahu ɗaya da Alhaji. Kowa ya san shekara biyu ke nan a kan farar kujerar roba yake salla saboda ciwon ƙugu. Ranar babu kujera. Liman ya yi ruku'u, Alhaji ya yi. Aka kai sujada, goshinsa ya taɓa tabarma kamar na kowa. Allah ya yafe mini, rabin hankalina a kansa yake.

Bayan sallama ya ja ni gefe, ya sassauta murya.

"Malam, wancan abin da kake koya masu, na kwanciya rigingine a jawo gwiwa zuwa ƙirji. Bushra ta nuna mani. Wata uku ina yi kullum da safe, ka ga dai yadda Allah ya yi. To ta ce akwai na wuya da kafaɗa da ba ku kai ba tukuna. Ko za ka ba ta ta kawo mani gida?"

Mutumin da ya tsinka ni a gaban iyaye sa'o'i uku da suka wuce, shi ne yake neman in aika masa da darasin a ɓoye kamar kayan miya.

"Alhaji, ni darasina a fili nake yi," na ce. "Litinin, ƙarfe takwas."

Na koma gida ina yaba wa kaina wayo. A lissafina, ko dai ya hana tarakta, ko ya haƙura da wuyansa, kuma na san wuyan nan yana damunsa.

Litinin da safe na jera ɗalibai, Bushra a gaba da farin takalminta. Sai ga tarakta tana hayaƙi. A bayanta ga Alhaji Mudi da dattawa biyar, kowa da tabarma a hammata. Ya ɗaga wa direba hannu, tarakta ta tsaya. Zuciyata ta yi sanyi, har na fara jin kunyar zagin da na yi masa a raina.

Alhaji ya nufi gindin darbejiyar da ke ƙarshen fili. Ya sa aka shimfiɗa tabarmi shida, ya taka ƙasa da ƙafa, taku goma nan, taku goma can, ya kafa kara a kowace kusurwa.

"Nan ka bar ma Malam," ya ce wa direba. "Saura duka ka bi."

So duka so ne, amma son kai ya fi. Ina tsaye da usur a baki, ɗalibai ɗari huɗu a bayana, tarakta ta fara daga layin farar ƙasa da muka zana da hannunmu. Dattawa suka kwanta rigingine a inuwa suna jirana.

Bushra ba ta motsa ba har garmar ta zo ta tsaga inda take tashi da gudu kullum. Sannan ta duƙa ta kwance igiyar takalminta, ta cire ta riƙe a hannu, ta je ta tsaya a kan mahaifinta.

"Baba, gwiwar hagu ake fara jawowa," ta ce.