Madarar Taguwa a Gidan Mai Cuku

Tanimu bai shawarci matarsa ba kafin ya sallami Dela, wadda ke kawo musu madarar shanu kowace safiya. A bakin ƙofa ya tare ta, ya ce ta huta haka nan, gidan ya samu wata hanya.

Hanyar ita ce Mohamed, amininsa makiyayi daga Azagor, wanda ya sauka bayan garin Dakoro da iyalinsa da dabbobinsa. Taguwarsa ta haihu, ya yi alkawarin aiko da madararta cike da bido guda, wato jarka, kullum, kyauta.

Da na farko ya iso, Haula matar Tanimu ta dubi bidon, ta dubi mijinta. Sana'arta cuku, kuma a makon ne Hajiya Hamdiya, mai kai kaya Maradi, ta yarda karon farko ta ɗauki nata, na madarar shanu, ranar kasuwa. Hajiya ta faɗa mata tun farko cewa motarta ba ta jiran kowa, wadda ta saɓa sau ɗaya kuma ba ta sake neman ta.

"Maigida, ni fa ban taɓa ganin cukun taguwa ba," in ji Haula.

"To, sai ki zama ta farko. Madara ai madara ce. Wagga ma ta fi, magani ce."

"Wa ya ce maka?"

"Kowa ya sani."

Ya cika kofi ya shanye a tsaye, ya ƙara, ya tafi shagonsa na gyaran babura.

Haula ta yi yadda ta koya wurin kakarta a Korahane. Ta jiƙa guntun busasshen tumbin ɗan akuya, ta zuba ruwan cikin madarar, ta rufe ƙwarya. Ta shanu takan daskare kafin ta gama shara. Wannan kuwa har azahar tana nan ruwa. Ta ƙara ruwan tumbin, ta jira. Da la'asar ta zuba kan asabarin shanya, madarar ta bi ta tsakanin karare ta tsiyaye ƙasa. Kaji suka taru.

Tanimu ya dawo da wuri, hannu a kan ciki, bai tsaya gaisuwa ba ya ɗauki buta. Da ya fito ya zauna kan turmi a hankali.

"Ina cukun?"

Haula ta nuna masa kajin. "Ga su can suna lissafin riba. Kai ina maganin?"

"Yana aiki," ya ce, ya sake miƙa hannu ga buta.

Washegari Haula ta aika wa Dela saƙo. Amsa ta dawo cewa madarar ta riga ta samu mai ita, wani mai shayi na tasha ke ɗauka yanzu. Madarar gari ta butiki kuwa Haula ba ta ko yi tunaninta ba, Hajiya za ta gane tun daga ƙamshi.

Saura mutum ɗaya. Ta yafa mayafi ta nufi bayan gari, wurin Mariama matar Mohamed, tana shirya yadda za ta yi magana ba tare da ta raina kyauta ba. Ba ta buƙaci shirin ba. A gefen rumfar Mariama ga cuku nan jere a rana, fari, siriri, ya fara murɗewa a gefe.

"Yaya Mariama, da wace madara kika yi wannan?"

"Ta awaki mana. Da ta mi zan yi?"

Haula ta ba ta labari. Mariama ta yi dariya har ta dafa itacen rumfa.

"Ƙanwata, ta taguwa ba ta kwanciya. Ta sha ce. Mu da muka tashi cikin raƙuma ba mu roƙe ta cuku ba. Shi Tanimun nawa ya sha?"

"Kofi biyu, ciki ba komi."

"Allah ya ba shi haƙuri. Baƙo da kurɓi yake farawa."

Suka daidaita nan take. Mariama za ta ba ta tatsar awaki ta safe da ta yamma, Haula kuma ta aiko mata da gero. Madarar ta daskare kamar yadda aka saba, rana ta yi sauran aikin.

Ranar kasuwa Hajiya Hamdiya ta karya gefen ɗaya, ta tauna, ta ɗaga shi ta duba ta hasken rana.

"Na awaki ne."

"Na awaki ne, Hajiya."

"Na ce miki na shanu." Ta sake gutsura. "Akwai masu son wannan a Maradi, zan ɗauka. Amma mako mai zuwa in ga na shanu tare da shi, in ba haka ba mu rabu lafiya."

Haula ta koma gida ta tarar da Tanimu yana shan shayi da madarar gari, bidon Mohamed na ajiye a inuwa, cike.

"An ɗauka," ta ce. "Saura Dela. Kai ka kore ta, kai za ka dawo da ita."

"Mi zan ce mata?"

"Ka kai mata bidon. Ka ce magani ne."

Tanimu ya ƙarasa shayinsa, ya ɗaure bidon a bayan babur. Har ya tayar, ya kashe, ya tambayi Haula ko Dela na cin goro.